Gurnani, Tsuwwa da Ƙas-ƙas: Bin Sawun Ƙarar da Ke Shiga Tsakanin Kwamfuta da Miksar DJ

Duk wanda ya taɓa jona kwamfutar tafi-da-gidanka da miksar DJ, wato na'urar da mai sa kiɗa ke haɗa waƙoƙi da ita, a gaban manyan lasifikoki ya san wannan ɓacin ran. An gama shimfiɗa wayoyi, an kunna amfilifaya, ko waƙa ba a sa ba tukuna, sai ga wani gurnani yana tasowa daga lasifika kamar na injin da aka manta a kunne a bayan ɗaki. A gida, da abin sauraro a kunne, kwamfutar ba ta taɓa nuna wani aibu ba, miksar ma jiya aka yi aiki da ita lafiya lau. Abin da ke rikita mutane ke nan, domin kowace na'ura ita kaɗai ƙalau take, haɗuwarsu ce ta haifi ƙarar. Mafi yawan masu sana'ar kan fara neman magani tun ba su san ciwon ba: wannan ya sayo sabon kebul, wancan ya ɗora wa kwamfutarsa laifi ya canza wata, wani kuma ya ɗauki filaya ya karya ƙafar filogi. A ganina babban kuskuren shi ne ɗaukar abin da ake ji a matsayin cuta ɗaya, alhali cututtuka ne daban-daban da suka haɗu a kan lasifika guda, kuma kowacensu muryarta tana faɗin inda ta fito ga wanda ya tsaya ya saurara.

Gurnani mai kauri wanda ba ya hawa ba ya sauka na wutar lantarki ne. Wutar soket tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa a Afirka da Turai da mafi yawan Asiya, sau 60 kuma a Amurka ta Arewa, saboda haka gurnanin yake zama a kan 50 Hz ko 60 Hz. Idan ya zo da kaifi kamar kukan ƙudan zuma, to ninke-ninkensa ne suka biyo shi, wato 100 da 150 da 250 Hz da abin da ya yi sama. Siririyar tsuwwa mai kama da kukan sauro, wadda kan sauya murya idan aka motsa linzamin kwamfuta ko aka buɗe wani babban fayil, daga cikin kwamfutar take fitowa. Huci mai laushi irin na rediyon da ba ta kama tasha ba yana nuna an yi wa ƙaramin sauti ƙarin ƙarfi fiye da kima. Ƙas-ƙas da yankewa na ɗan lokaci, waɗanda ba a jinsu sai waƙa tana tafiya, yawanci ba ruwansu da waya sam, alama ce ta kwamfutar ta gaza kai sautin a kan kari. Wanda ya iya rarrabe waɗannan ya rage wa kansa rabin wahala kafin ya taɓa ko kebul ɗaya.

Gwajin farko ba ya buƙatar sayen komai. A bar komai a jone, a ɗaga sautin tashar kwamfutar a miksa yadda ƙarar za ta fito sarai, sannan a zare cajar daga jikin kwamfutar ta koma kan batir. Idan wurin ya yi tsit nan take, an gano hanyar da ƙarar ta biyo, kuma galibi abin da ake fama da shi shi ne zoben wayar ƙasa. Ya kamata a fahimci wannan zoben da kyau, domin shi ne ummul'aba'isin mafi yawan koke-koken, kuma rashin fahimtarsa ne ke jefa mutane cikin gyaran gangar auzinawa.

Filogi mai ƙafa uku yana da waya mai ɗauke da wuta, da wayar da wutar ke komawa ta cikinta, da kuma ta uku, wayar ƙasa, wadda aikinta kare rai ne. A cikin cajoji da yawa masu ƙafa uku an haɗa wayar ƙasan da ɓangaren koma-baya na wutar da ke shiga kwamfuta, daga nan ta isa jikin kwamfutar, da bakin USB, da gindin ramin abin sauraro. A ɗaya gefen kuma miksa tana da tata wayar ƙasan, ko kuwa, idan filoginta mai ƙafa biyu ne, tana samun ƙasa ta hanyar kebul ɗin da ya tafi amfilifaya ko lasifika mai wuta. Da zarar an ɗaura kebul na sauti tsakanin kwamfutar da miksar, an rufe zobe ke nan: daga soket zuwa caja, zuwa kwamfuta, ta cikin kebul zuwa miksa, daga miksa zuwa wani soket, sannan ta cikin wayoyin bango a dawo inda aka fara. A takarda ana ɗauka duk wayoyin ƙasa na gini ɗaya a matsayi guda suke, amma a zahiri akwai ɗan bambancin ƙarfin wuta tsakanin soket da soket, saboda yoyon da na'urori ke zubawa a wayar ƙasa da kuma maganaɗisun da wayoyin wuta ke watsawa a kewayensu. Wannan ɗan bambancin ya isa ya tura wuta ta riƙa zagaya zoben.

Inda gizo ke saƙa shi ne irin kebul ɗin da aka fi amfani da shi a nan, wato mai kan RCA ja da fari, ko mai ƙaramin kai na milimita 3.5. A cikinsa kowane gefe na sauti yana da waya ɗaya a tsakiya, sai raga ta tagulla da ta lulluɓe ta. Ragar tana aiki biyu a lokaci guda: ita ce garkuwa daga ƙarar waje, kuma ita ce hanyar da sautin ke komawa. To idan wutar zoben ta bi ta cikin ragar, ƙarfin da ta haifar a tsakanin bakunan kebul ɗin biyu yana haɗuwa kai tsaye da waƙar, kuma miksa ba ta da yadda za ta bambance su. Ɗan lissafi zai nuna ƙanƙantar abin da ake buƙata. A ce wutar da ke zagayawa miliamf 10 ce, ragar kuma tana da turjiyar kashi ɗaya cikin goma na om, sakamakon zai zama milibolt 1. Matsayin sautin kayan gida kuwa milibolt 316 ne, saboda haka gurnanin yana ƙasa da waƙar da desibel 50 kacal (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). A ɗakin kwana ba lallai a kula da shi ba, amma a gaban amfilifaya mai dubban wat da manyan lasifikokin bes, kowa a wurin zai ji shi da zarar waƙa ta yi shiru. Lissafin ya kuma nuna dalilin da ya sa gajeren kebul mai kaurin raga yake rage matsalar, dogo siriri kuma yake ƙara ta, ba tare da la'akari da ruwan zinaren da aka shafa wa kawunansa ba.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi sauran kayan sauti ƙazantar da wannan zobe, domin cajarta ba irin tsohuwar taransifoma mai nauyi ba ce. Tana yanka wutar tana kunnawa da kashewa sau dubban goma zuwa dubban ɗaruruwa a daƙiƙa, a cikin kwamfutar ma akwai wasu ƙananan da'irori masu irin wannan aikin don ciyar da ƙwaƙwalwarta da allonta. Yawan wutar da suke ja yana sauyawa gwargwadon aikin da ake yi, shi ya sa tsuwwar take bin motsin linzami kamar tana kallonsa. Ita ma USB tana da tata muryar: a saurin megabit 12 ana aika bayanai ƙunshi-ƙunshi sau 1,000 a daƙiƙa, a saurin megabit 480 kuma sau 8,000, don haka idan aka ji siririn sauti tsayayye a kan 1 kHz ko 8 kHz, an san inda za a duba. Wannan ne ma ya sa sayen katin sauti na waje, wato akwatin da ake jonawa ta USB ya fitar da sautin kwamfuta, ba ya zama tabbataccen magani. Yana inganta sautin ƙwarai fiye da ramin abin sauraro, amma wayar ƙasa ta cikin kebul na USB tana nan, zoben bai tsinke ba, an dai ƙara masa zango ɗaya ne.

Caja mai ƙafa biyu ma ba ta kuɓuta gaba ɗaya ba. Ba ta rufe zobe ta wayar ƙasa, amma a cikinta akwai wani ɗan kafasita, wato ƙaramin abin tara wuta, da aka ɗora tsakanin ɓangaren wutar soket da ɓangaren da ke zuwa kwamfuta don danne ƙarar rediyo, kuma ta cikinsa wata 'yar wuta ƙasa da miliamf ɗaya take yoyo. Ita ce ake ji kamar ɗan kaikayi idan aka shafa jikin kwamfuta mai ƙarfe tana caji. Tunda ba ta da hanyar zuwa ƙasa ta wajen caja, sai ta bi kebul ɗin sauti ta nemi ƙasar miksa. Masu kwamfutar Apple sun san wani abin mamaki game da wannan: cajar ɗaya ce, amma ƙaramin kanta da ake sokawa kai tsaye a bango yawanci ba ya haɗa ta da ƙasa, doguwar wayarta mai ƙafa uku kuwa tana haɗawa. Sauya ɗaya da ɗaya yana iya kashe ƙarar, yana kuma iya tayar da ita, ya danganta da yadda sauran kayan suke. Tunda duka biyun kamfanin ne ya ƙera su don a yi amfani da su haka, gwada su ba shi da haɗari.

Abin da ke da haɗari shi ne dabarar da ta fi yawo a bakin mutane, wato karya ƙafar ƙasa ta filogi, ko naɗe ta da tef, ko sa adafta mai ƙafa biyu a tsakani. Tabbas tana aiki, gurnanin yana ɗaukewa, kuma wannan ne ya sa take da wuyar hanawa. Sai dai na'urar da aka ƙera da ƙafa uku ta dogara ne da wayar nan don ranar da wani abu zai lalace a cikinta wuta ta taɓa jikin ƙarfe. A ranar, wayar ƙasa ce za ta kwashe wutar da yawa har fis ya ƙone ko na'urar kariya ta katse layin. Idan an cire ta, wutar za ta tsaya a jikin na'urar, ta bi ragar kebul zuwa miksa, zuwa makirufo, tana jiran hannun da zai taɓa. Na'urorin kariya daga yoyon wuta da ake sawa a gidaje a ƙasashe da yawa suna katsewa ne a miliamf 30, wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙanƙantar abin da ke iya tsayar da zuciyar mutum. A 1972 Leslie Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, ya rasu a kan dandamali a Swansea ta yankin Wales, a gaban jama'a, bayan ya taɓa makirufon da ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba. Wanda ya karya ƙafar filogi don ya huta da gurnani ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Zoben yana da wurin da ake tsinke shi lafiya, wato ɓangaren sauti. Kafin a kai ga tsinkewa ma, sau da yawa ƙanƙanta shi ya wadatar: a jona cajar kwamfuta da miksa da duk abin da ke kan teburin DJ a jerin soket guda ɗaya, yadda wayoyin ƙasansu za su haɗu a wuri ɗaya kusa da juna, bambancin da ke tura wutar ya ragu sosai. Idan hakan bai isa ba, sai a sa taransifomar raba sauti a tsakanin kwamfutar da miksar. Ƙaramin akwati ne mai RCA a shiga da RCA a fita, a cikinsa akwai naɗin waya biyu da ba su taɓa juna ba, sautin yana tsallakawa ta hanyar maganaɗisu, wutar zoben kuwa ba ta da gadar da za ta bi. A nan ingancin kaya yana da tasiri na gaske. Taransifoma mai ƙaramin ƙarfe a ciki tana cika ta ƙoshi idan sauti mai kauri ya zo da ƙarfi, sai bes ɗin ya ragu ko ya dishe, kuma kiɗan rawa a daidai wannan yankin na 40 zuwa 60 Hz ƙarfinsa yake. Irin waɗanda ake yi don rediyon mota suna iya fitar da mutum kunya a dare ɗaya, amma bai kamata su zama na dindindin ba, kuma kada a ɗora su a babbar mafitar miksa inda sautin ya fi ƙarfi.

Daga miksa zuwa amfilifaya ko teburin sautin ɗakin kuwa, kebul mai tagwayen waya ne ya dace, mai kan XLR ko babban kai mai zobe biyu. A cikinsa sautin yana tafiya a kan wayoyi biyu da aka murɗe tare, ragar kuma garkuwa ce kawai ba ta ɗauke da waƙa. Na'urar da ke karɓa tana duba bambancin da ke tsakanin wayoyin biyu ne, duk ƙarar da ta faɗa musu daidai wa daida sai ta soke kanta. A kan XLR ƙafa ta 1 ita ce raga, ta 2 da ta 3 su ne na sauti, kuma maɓallin da ake gani a akwatin DI (akwatin da ke mayar da sautin kebul na yau da kullum zuwa na XLR) an rubuta masa LIFT ƙafa ta 1 kawai yake cirewa, bai taɓa wayar kare rai ba. Duk da haka akan samu kayan da ke gurnani ko da an yi amfani da wannan kebul, saboda masu ƙera su sun kai ƙafa ta 1 cikin da'irar sauti maimakon su ɗaure ta a jikin akwatin ƙarfe tun daga bakin shiga. Injiniya Neil Muncy ya yi bayanin wannan aibu a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES a 1995, daga baya ƙungiyar ta fitar da ƙa'idar AES48 a 2005 don gyara al'adar. Amfanin sanin wannan ga DJ shi ne kada ya yi mamaki idan miksa biyu sun nuna hali daban a wuri ɗaya da waya ɗaya.

Akwai kuma masu raba layin USB, amma a yi hattara wajen saye. Da yawa daga cikin masu araha saurin megabit 12 kawai suke ɗauka, alhali katunan sauti masu tashoshi da yawa da miksoshi masu kati a ciki suna buƙatar 480, sai a jona kwamfuta ta ƙi ganin na'urar kwata-kwata. Wutar da suke iya bayarwa ma takan gaza miliamf 500 da ramin USB 2.0 ke bayarwa. Inda na'urorin biyu suke da ramin haske irin na TOSLINK, zaren gilashi ko roba ba ya ɗaukar wuta sam, zobe ba zai yiwu ta nan ba, sai dai miksoshin DJ masu wannan ramin ba su da yawa. Ƙullin baƙin ƙarfe da ake maƙala wa kebul yana taimakawa wajen ƙarar rediyo, ba ya yi wa gurnanin 50 Hz komai. Rage bes a miksa don ɓoye gurnani kuma asara biyu ce, an kashe gangar waƙar, ninke-ninken ƙarar kuma suna nan.

Wani rukunin matsalolin ba shi da alaƙa da wayar ƙasa, kuskuren rami ne ko na matsayin sauti. A bayan miksar DJ kowace tasha takan zo da mashiga biyu masu kama da juna, ɗaya an rubuta LINE, ɗaya PHONO. Ta biyun an yi ta ne don allurar faifan garmaho, wadda ke fitar da 'yan milibolt kaɗan, saboda haka tana ninka sautin kusan sau ɗari, wato wajen desibel 40. Tana kuma gyara shi bisa ma'aunin RIAA da aka tsayar a 1954, inda ake ɗaga sauti mafi kauri da kusan desibel 20 a kuma sauke mafi siriri da kusan haka. Idan aka soka kwamfuta a nan, waƙar za ta fito a fashe, bes ya cika ya tumbatsa, duk wata 'yar ƙara kuma ta zama babba. A cikin duhun wurin rawa, da hannu ana lalube a bayan miksa, wannan kuskuren ya fi yadda ake zato yawa, har ga waɗanda suka daɗe a sana'ar. Idan akwai na'urar juya faifai a kan teburin, irin su Technics SL-1200, siririyar wayarta ta ƙasa dole ta kasance a ɗaure a kusoshin da aka rubuta wa GND, in ba haka ba gurnaninta zai sa a zargi kwamfuta a banza. Masu amfani da faifan da ake sarrafa manhajar DJ ta Serato da shi kuma, idan suka ji wani tsayayyen fito a kan 1 kHz, sautin faifan ne da kansa yake fitowa saboda an bar maɓallin tashar a kan faifai maimakon kwamfuta.

Huci yawanci daga rabon ƙarfi yake zuwa. Kowace na'ura tana da 'yar ƙararta ta asali da ba ta canzawa, don haka idan aka bar sautin kwamfuta a ƙasa sosai sannan aka murɗa maɓallin ƙarin ƙarfi na miksa har ƙarshe don a cike giɓin, an ɗaga waƙar da hucin tare. Daidai shi ne a fitar da sauti mai ƙarfi daga kwamfuta, kusa da ƙololuwa amma ba tare da fitilun manhajar sun yi ja ba, sannan a daidaita a miksa. Ya kamata kuma a tuna cewa matsayin kayan ƙwararru ya kai bolt 1.23, kusan desibel 12 sama da na kayan gida, don haka ramin abin sauraro zai ji kamar ya yi rauni kusa da na'urar kunna waƙa ta ƙwararru, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Kurakurai biyu sun cancanci ambato a nan. Na farko, kebul mai ƙaramin kai na sitiriyo a gefe ɗaya da XLR guda ɗaya a ɗaya gefen yana kai hagu da dama cikin mashigar da ke debe ɗaya daga ɗaya, sai muryar mawaƙi da bes, waɗanda ke tsakiya, su ɓace, a bar wani sauti kamar daga cikin rijiya. Na biyu kuma, soka kwamfuta kai tsaye a mashigar makirufo ta teburin sauti alhali wutar bolt 48 ta makirufo tana kunne na iya ƙona mafitar sautinta.

Ƙas-ƙas da yankewa labarinsu daban ne. Kwamfuta ba ta aika sauti ɗigo-ɗigo, tana cika wani ɗan rumbu ne, katin sauti yana kwasa, kafin ya ƙare ta sake cikawa. A saurin samfuri, wato ƙananan gutsattsarin da kwamfuta ke raba sauti, 44,100 a daƙiƙa, rumbu mai samfuri 256 yana ƙarewa cikin milisakan 5.8, mai 64 kuma cikin kusan ɗaya da rabi. Idan wani aiki ya riƙe ƙwaƙwalwar kwamfutar fiye da wannan ɗan lokacin, rumbun ya zama fanko, kunne ya ji ƙas. DJ yana son ƙaramin rumbu domin hannunsa da sauti su tafi tare, musamman mai goga faifai, amma wanda haɗa waƙoƙi kawai yake yi ba zai ji bambanci ba idan ya ɗaga zuwa 512, wato milisakan 11.6, kuma sau da yawa wannan kaɗai ke kawo ƙarshen matsalar. Ana samun wannan saitin a manhajojin DJ irin su Serato da Traktor da rekordbox da VirtualDJ. A Windows ya fi kyau a yi amfani da direban ASIO na kamfanin da ya ƙera katin (direba ita ce manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'ura), kuma manhajar LatencyMon tana nuna wane direba ne ke riƙe ƙwaƙwalwar, wanda galibi na Wi-Fi ne ko na katin hoto ko na kula da batir. Akwai wani abin ban haushi a nan: wanda ya zare caja don ya tsere wa gurnani yana iya faɗawa cikin ƙas-ƙas, domin kwamfuta tana rage saurinta idan ta koma kan batir, sai an canza tsarin wutarta. Zafi ma yana sa ta rage sauri, shi ya sa wasu ba sa ganin matsala sai bayan awa biyu ana kiɗa, lokacin da ramukan iskarta suka toshe a kan mayafin tebur.

Sauran masu laifin ba su da wuyar ganewa. Wayar salula da aka ajiye kusa da kebul tana sa wani dit-dit-dit mai kaifi idan tana kan tsohon layin GSM, wanda ke aika saƙo sau 217 a daƙiƙa. Na'urar rage hasken fitilu tana sa ƙugi mai sauyawa da hasken, maganinsa raba layin wutar fitilu da na sauti. Kebul na sauti da aka shimfiɗa a jikin wayar wuta ko aka ɗora a kan caja yana ɗaukar maganaɗisunta, idan dole su haɗu to su gitta juna maimakon su jera. Ƙarar da ke tashi idan an girgiza kan kebul ko an murɗa maɓalli kuma datti ne ko tsinkewar waya a ciki.

Duk wannan sanin ba ya amfani idan ana canza abu uku a lokaci guda, domin ko ƙarar ta tafi ba za a san wanda ya kore ta ba. Hanyar da ta fi ita ce a faro daga lasifika a dawo baya: a cire komai daga mashigan miksa a saurara, idan gurnanin yana nan to tsakanin miksa da amfilifaya yake, kwamfuta ba ta da hannu. Idan shiru ne, a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, ana saurarawa bayan kowanne. Na koyi wannan ne a wani ɗakin taro inda na ɓata kusan awa guda ina zagaye. Gurnani ne mai kauri, na zare caja da cikakken tabbacin zai ɗauke, bai ko motsa ba. Na canza kebul na RCA, na canza tasha, na duba maɓallin PHONO sau biyu, har na fara zargin miksar. Sai da na fara cire duk abin da ke jikin kwamfutar ɗaya-ɗaya, hannuna ya kai kan kebul na HDMI da aka ba ni don nuna hotuna ta majigi, ina zare shi ɗakin ya yi tsit. Majigin yana rataye a rufi, wutarsa daga wani layi daban take, ragar HDMI ɗin ce ta ba kwamfutar ƙasa ta biyu, zoben ya rufe ba tare da caja ba. Tunda ba za a fasa nuna hotunan ba, kuma ba za a iya sauko da wutar majigin ba, sai muka sa taransifomar raba sauti tsakanin katin sautin da miksar, muka mayar da HDMI da caja duka, lasifikokin suka ci gaba da shiru.

Tun daga ranar nake ƙirga duk wayar da ta fita daga jikin kwamfuta zuwa wata na'ura mai nata filogi a matsayin hanyar ƙasa: allo na biyu, da na'urar sarrafa fitilu, da mahaɗar USB mai tata wuta, har da kebul na intanet mai raga. Idan kuwa an cire duk waɗannan, an jona komai a soket guda, an sa taransifoma, amma jikin miksa yana ɗan jan hannu ko makirufo yana cizon leɓe, to maganar ta bar hannun DJ. Wannan alama ce ta wayar ƙasan ginin ta tsinke ko an juya wayoyin soket, kuma abin yi shi ne a kashe kayan a kira ma'aikacin lantarki ya auna layin kafin a sake kunnawa.